Kukan Motar Kawu Bawa

Gwajin mota kawai suka fita yi. Bayan la'asar Attahiru ya wanke hannu da kananzir, ya jefa jak da akwatin sifanu a bayan tsohuwar motar kawunsa Bawa, katkat mai jan ƙafa huɗu, ya ja ƙofar garejinsa da ke bakin kwalta a Malbaza, suka kama hanyar Dogarawa. Bawa ke tuƙi.

Motar ta girmi wasu daga cikin 'ya'yan Bawa. Fentinta ya koɗe, ƙofar dama da igiya ake ɗaure ta. Amma in damina ta yanke hanyoyin ƙauyukan da ke bayan Dogarawa, ita kaɗai ke shiga rairayi da laka ta fito. Da ita Bawa ke ci da gidansa. Ciwonta guda ne, fon baya, wato tukunyar ƙarfen nan da ke tsakanin ƙafafun baya tana raba musu ƙarfin inji. Boris ɗin da haƙoran cikinta ke juyawa a kai ba sa daɗewa. A sa sababbi, kafin wata ya zagayo kuka ya dawo, wani gurnani mai tasowa daga ƙarƙashin kujerun baya, yana ƙaruwa in an taka mota.

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, Attahiru ya kwance fon nan. Ya tsiyaye man, ya cire ƙafafu, ya zare sandunan da ke juya su, ya sauke tukunyar a kan buhu. Wannan karon da ƙafarsa ya je Konni ya zaɓo boris, ya ɓare kwalinsu a gaban Bawa. Ya ɗumama su cikin mai kafin ya zaunar da su. Ya shafa wa haƙoran jan fenti, ya juya, ya duba inda suke cizon juna, ya ƙara siririn zoben ƙarfe a tsakani, ya rage, har sai da tabon fentin ya zauna daidai tsakiya. Aikin da ya daɗe yana yi wa manyan motocin siminti ne, kuma ba a taɓa dawo masa da shi ba sai a wannan motar.

Ba wahalar ce ta fi ci masa rai ba. Abin da ya ji Bawa ya faɗa a teburin mai shayi ne, wai ɗan ƙanwarsa kayan jabu yake sa masa. Maganar ta zagaye tasha. Direbobi biyu da suka saba kawo masa aiki suka koma wani gareji.

Da safiyar ranar ya miƙa wa Bawa tsohon boris ɗin da ya ciro. 'Yan gangunan ƙarfen da ke cikinsa sun baje, sun yi shuɗi saboda ƙuna.

"Kawu, dibi wanga. Awa tirela ta taka shi. Don Allah mi kaka ɗora ma motar ga?"

"Mutane nika ɗorawa. Da awaki. In ta yi yawa, 'yan buhunan wake."

"Wanga ba aikin buhun wake ba ne."

"To aikin hannunka ne."

Attahiru ya haɗiye abin da ya taso masa. Yayan mahaifiyarsa ne, ba ya mayar masa da magana. Ya tambaya dai, yaushe kukan ke farawa. Bawa ya ce ran Laraba, in ya kai mutane ƙauye ya juyo da maraice, kuma wofi yake dawowa. Da ya shiga ƙorama shi ke nan.

Ranar kuwa Laraba ce. Shi ya sa Attahiru ya dage sai sun bi wannan hanyar, a wannan lokacin, ya ji da kunnensa.

A tafiya motar ba ta ce komai ba. Suka bar kwalta, suka shiga burtali. Gero ya yi tsawo dama da hagu, yana shafar gilashi. Attahiru ya koma kujerar baya ya kafa kunne a ƙasa, babu abin da ya ji sai ƙarar inji da kwaranniyar sifanu. Suka kai ƙauyen ƙarshe, Bawa ya sauke wa wani mai shago kwalin sabulu, suka juyo. Rana ta yi ja, ta rataye kan zangarniya.

Ƙoramar mai faɗi ce, ruwanta ya janye ya bar rairayi mai danshi. A gefenta akwai wani fili da ba a nomawa, babu ko ciyawa, sai fasassun kasake da baƙaƙen duwatsu. Kufan Kasuwa ake ce masa. Tsofaffi sun ce can da kasuwa na ci a wurin, amma babu mai rai da ya gan ta.

Bawa ya rage giya ya gangara. Tafiyar ta koma ta hawainiya saboda rairayi. A daidai bakin filin Attahiru ya ji bayan motar ya ɗan nutse, kamar wani ya taka bamba ya hau. Ya waiwaya. Babu kowa. Sai kuma ga kukan, can ƙasa-ƙasa.

"Ka ji ko?" in ji Bawa. Har da ɗan murmushinsa na wanda ya ci gardama. "Ga aikinka nan."

Sababbin boris, ko yini ba su yi ba.

"Tsaya, Kawu."

"Nan? Bari mu hita ƙorama tukuna."

"Nan nika son ganinta, da zahinta."

Bawa ya yi tsaki ya kashe mota. Ya ɗauki buta da buzunsa.

"Magariba ta yi. Taho mu yi salla."

"Tahi Kawu, ina nan tahe. In ta huce ba ni gane komi."

Bawa ya haura gaɓar ƙorama, ya ɓace bayan wasu sabara. Attahiru ya shimfiɗa katako a kan rairayi, ya ɗora jak, ya ɗaga ƙafar baya ta hagu har ta bar ƙasa. Ya juya ta da hannu. Tana juyawa lafiya lau, ba ƙara, ba wasa. Ya girgiza ta, ba ta motsa ba. Ya yi ƙwafa, ya sa tocila a baki, ya kwanta rigingine ya ja jiki ƙarƙashin motar.

Fon ɗin ya yi zafin da bai kamata ba. Ya kai yatsa ya janye. Warin ƙonannen mai ya cika wurin. Ya haska murfin, ya haska inda farfela, sandar da ke kawo ƙarfin inji, ta shiga, babu yoyo. Ya haska sifirin, faya-fayan ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota. Sun miƙe sambal, alhali motar wofi ce. Ya tsaya yana kallonsu.

A nan ya lura kwaɗin ƙorama sun yi shiru.

Sai wani ƙamshi ya shigo ta ƙarƙashin warin man. Ƙamshin ƙosai a cikin mai. Bayansa daddawa, da ɗanyen nama, da fitsarin dabbobi. Ya shaƙa ya sake shaƙa. Warin kasuwa ne sak, a wurin da babu ko bukka.

Ya ji hayaniya daga nesa, irin ta mutane da yawa suna magana lokaci guda. Tana matsowa. Akuya ta yi kuka. Wani abu mai nauyi ya faɗa cikin motar a saman kansa, tim. Sifirin suka yi ƙara.

Mutanen ƙauye ne, ya ce a ransa, sun ga mota tsaye. Ya cire tocila daga baki.

"Kai! Ku dakata da lodi! Akwai mutum ƙasa!"

Wani buhun ya sake faɗawa. Ƙofar baya ta buɗe, ya san ƙarar maƙallinta. Motar ta karkata dama, ta dawo.

"Ba ku ji ba? Na ce mota bisa jak take!"

Ya juya kai ya haska waje ta tsakanin tayoyi, don ya ga ƙafafun masu wannan rashin hankali.

Babu ƙafa ko ɗaya.

Rairayin ne ke lotsawa. Nan, da nan, da can. Sawu na fitowa shi kaɗai, manya da ƙanana, suna zuwa daga filin, suna tsayawa a bayan motar, suna ƙarewa. Duk sawun da ya ƙare, motar ta ƙara sauka.

Tocilar ta suɓuce daga hannunsa. Ta faɗi tana haska tayar dama. Ya ga tayar na nutsewa cikin rairayi a hankali.

Ya yunƙura zai fita. Fon ɗin da ɗazu yake da tazarar hannu daga ƙirjinsa, yanzu ya kusa taɓa aljihun rigarsa. Ya karkata, kafaɗarsa ta maƙale da ƙarfe.

"Sannu da aiki."

"Yauwa," ya amsa, don baki ya saba.

Sannan ya gane daga inda muryar ta fito. Ba daga waje ba ce. Nan take ƙarƙashin motar, dab da kunnensa na hagu, inda ya san babu komai sai jak. Muryar mace ce, a hankali take magana. Numfashinta na da sanyi, yana warin tsohuwar rijiya.

Bai juya ba. Ya kafe ido a kan wani noti.

"Kai na mai gyaran?"



"Kukan ga ya ishe mu," in ji ta. "Kullum shina tashe min jinjiri. An ce ka iya. Mi ya hana ka gyara?"

Ko tsoro ne ya juye masa kai, ko haushin da ya daɗe yana haɗiyewa ne ya sami ƙofa, shi ma bai sani ba. Ya dai ji bakinsa na magana.

"Na gyara. Wallahi na gyara. Ku ne kunka yi mata yawa. Ba a yi ta don wanga lodi ba."

Hayaniyar saman ta ɗauke ɗif.

Sai dariya. Ba mai ƙarfi ba, kamar iska cikin busasshen kara. Ta fara daga kujerun baya, ta hau rufin mota, ta sauko har ƙarƙashi.

"Yawa?" in ji matar. "Maigida bai ko shigo ba."

Ƙasa ta motsa a bayansa.

Taku ne. Daga filin yake zuwa, ba sauri. Kowane taku sai sifanun cikin akwati sun yi kwaram. Rairayi na zubowa daga jikin taya.

Attahiru ya fara Ayatul Kursiyyu. Ya kai tsakiya ya rasa ta. Ya koma farko.

Takun ya tsaya a bayan motar.

Bamba ta yi ƙara.

Katakon da ke ƙarƙashin jak ya tsage.

Fon ɗin ya sauka a ƙirjinsa. Ya ji ƙaurin rigarsa, ya ji na fatarsa. Ya buɗe baki ya kira kawunsa, iska ce kawai ta fito.

"Ƙafa ɗaya ya ɗora," matar ta raɗa masa. "Yi sauri."

Wasu hannuwa suka cafke masa idon sawu. Ya yi shuri da sauran ƙarfinsa.

"Ni ne! Attahiru, ni ne! Saki ƙarhen!"

Muryar Bawa ce. Attahiru bai ma san ya rungume sifirin da hannu biyu ba. Ya saki. Bawa ya ja, bai fito ba. Ya kafa ƙafa a jikin taya, ya yi kabbara, ya fizga. Wani abu ya ɓalle a haƙarƙarin Attahiru. Bayansa ya karce rairayi, kansa ya wuce ƙarƙashin bamba, ya ga sama.

Jak ɗin ya lanƙwashe. Motar ta zauna da cikinta a daidai inda yake kwance.

Bawa ya ja shi baya, ya ƙara ja, har suka faɗi tare. Suna nan zube suka ga ƙofar baya ta rufe kanta. Makulli na aljihun Bawa. Inji bai tashi ba, fitila ba ta kama ba. Amma tayoyin suka fara juyawa. Motar ta fito daga ramin da ta nutse, bayanta na jan ƙasa, ta bi tsawon ƙorama ta yi yamma, inda babu hanya. Kukan fon ɗin na tashi, yana nisa, har duhu ya haɗiye ta.

Kwaɗi suka ci gaba da kuka.

Bawa ya miƙe. Ya tuɓe rawaninsa ya ɗaure wa Attahiru ƙirji. Ya rataya hannun Attahiru a wuyansa suka haura gaɓa. Ba su waiwaya ba. Wani mai amalanke da ke komawa gida ya tsince su a burtali, ya kai su gidan likita a Dogarawa.

Haƙarƙari biyu sun karye, ƙirjin kuma ya ƙone. Da majiyyacin ya sami bakin magana, ya tambayi Bawa ko ya ji su. Bawa ya ce shi bai ji muryar kowa ba, bai ji warin komai ba. Ya sallame salla ne ya leƙo, ya ga mota wofi tana nutsewa a kan ɗan ƙanwarsa.

Washegari da hantsi Zuwaira, matar Attahiru, ta iso daga Malbaza da kwanon kunu. Ta zauna bakin gado, ta dubi Bawa da mamaki.

"Kawu, ashe kai ma nan ka kwana? To wa ya kai motar gareji?"

Bawa ya ajiye carbinsa.

"Wace mota?"

"Taka mana. Tana nan bakin ƙofa tun asuba, hancinta har shina taɓa kwanon ƙofar. Mai na ta ɗiga ƙarƙashinta."

Attahiru ya juya fuska bango.

Motar ta daɗe a wurin. Bawa ya sa ta kasuwa, ba wanda ya taya. Wani direban babbar mota ya ɗaura mata sarƙa zai janye ta daga ƙofar, sarƙar ta tsinke, motar ko gezau. Malamai suka zo suka yi karatu, suka tofa, suka tafi. Attahiru da ya warke bai sake taka wurin ba. Kayan aikinsa na ciki ma ya bar su. Ya ɗauki iyalinsa ya koma Konni, ya kama gyaran injinan ban-ruwa a lambunan albasa, aikin da ake yi a zaune, sama a buɗe. Bawa ya shiga dillancin wake a Tsarnawa. Duk ran Juma'a yakan zo Konni, ya zauna gefen Attahiru yana miƙa masa sifana, su yi hirar damina da ta 'yan uwa. Ba sa zancen mota.

Wata safiya mutanen tashar Malbaza suka wayi gari ba ta nan. Sai baƙin tabon mai a ƙasa. Da labarin ya iso Konni, Attahiru ya yi sadakar masa, ya ce Allah ya raba lafiya.

Bayan an girbe gero, wani maraice yana alwala a tsakar gida, Zuwaira ta shigo daga zaure riƙe da wani ƙunshi na ganyen kalgo.

"Wata ta yi sallama, ta ce a ba mai gyara. Kafin in ɗauko mayahi in hito ta wuce. Bakin ƙofa ta aje shi." Ta sauya shi daga hannu zuwa hannu. "Karɓi mana, da zahi."

Attahiru ya ajiye buta. Bai karɓa ba. Ya ce ta buɗe a ƙasa.

Boris ne guda biyu, sun baje, sun yi shuɗi. Man da ke jikinsu na hayaƙi.